Sandar Majalisar Ɗalibai a Ƙarƙashin Gadona

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Rabi, daga Karu.

Lokacin da nake jami'a a nan Abuja, hukumar makaranta ta taɓa rushe ƙungiyar ɗalibai bayan wata tarzoma. Da aka dawo da ita, muka kafa doka cewa majalisar ɗalibai ba za ta zauna ba sai sandarta tana kan tebur. Wani kafinta a Paikon Kore ne ya sassaƙa mana ita.

To, yau ɗana Sadik ne kakakin majalisar. Ranar Asabar ina shara na ga sandar nan a ƙarƙashin gadona. Na tsare Sadik, ya ce, "Umma, tsige shugabanmu za su yi. In babu sanda, babu zama."

Jiya wasu samari suka tsaya min a ƙofar gida, ɗayansu yana cewa, "Hajiya, oga ya ce a ba mu kayanmu, kar a bari mu dawo." Shi kuma Sadik ya rantse in na miƙa musu, ya bar karatun ke nan.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Don kare 'ya'yan mutane muka yi dokar nan, yau ga shi ta jawo wa nawa ɗan 'yan daba har gida.