Amarya a Gaban Gingimari

Gwaggo: Alo? Alo, wa ke magana?

Muhsina: Salamu alaikum, Gwaggo Safiyatu. Muhsina ce, daga Jibiya.

Gwaggo: Wa alaikumus salam. Muhsinar Ummaru? Amarya da kanta. Ina wuni, ɗiyata?

Muhsina: Ni zan gaishe ki, Gwaggo. Ina wuni? Ya Maraɗi?

Gwaggo: Lahiya lau. Maraɗi sai zahi. Ya ƙanena Ummaru? Ya innarki?

Muhsina: Duk suna lafiya. Baba yana kasuwar hatsi, Inna tana rumfa, ta ɗora wake. Ya gwiwar?

Gwaggo: Da sauƙi, sai in zan tashi take tuna min da kanta. Ya ciniki?

Muhsina: Alhamdu lillahi. Ya su Fatimatu?

Gwaggo: Lahiya suke. Ya shirye-shirye? Saura sati uku ko?

Muhsina: Sati uku da kwana biyu. Ya... ya mutanen gida?

Gwaggo: Kin tambaye su. Ke, mi ne ne kike ta ƙunshe dariya tun ɗazu? Ina jin ki hwa.

Muhsina: Ba komai, Gwaggo. Wato dai... Baba ne ya ce in kira ki. Ya ce ke ce uwar biki, ke za ki kai ni ɗakina. In kin ce e, shi ke nan. In kin ce a'a, kar ya ƙara jin zancen a gidansa.

Gwaggo: Wane zance ne har Ummaru ya kasa yankewa?

Muhsina: Na motar kai amarya. Ni da angon, Dalhatu, muna so a kai ni a tasa.

Gwaggo: Ah, ya sayi ƙarama? Barka.

Muhsina: A'a. Wadda yake tuƙawa.

Gwaggo: Layin ya yi ƙara. Kin ce wadda yake mi?

Muhsina: Wadda yake tuƙawa. Gingimarin.

Gwaggo: Kamiyon? Kamiyon da yake lodin albasa?

Muhsina: Za a wanke ta, Gwaggo. Sau biyu.

Gwaggo: La ilaha illallahu. Ɗiyar ƙanena a kamiyon albasa. Ke, daina dariya, ban gama mamaki ba.

Muhsina: Ki tsaya ki ji. Ai motar nan ce ta haɗa mu. Kin tuna lokacin da layin motoci ya tsaya a bakin boda, ba gaba ba baya? Kwana tara tana ajiye daidai ƙofar rumfarmu, ta tare mana rana. Na fita in yi masa faɗa ya matsar da ita, ya ce in nuna masa inda zai matsa. Daga nan kullum sau uku yake zuwa cin abinci. Ran na biyar Inna ta ce, "Yaron nan ba yunwa ke kawo shi ba."

Gwaggo: Salmatu ba ta kuskure irin wannan. To, sai aka ce duk abin da ya haɗa mutum da miji a shi ake kai shi? Ni a bakin rijiya mijina ya gan ni, ba a kai ni cikin guga ba.

Muhsina: Kai, Gwaggo.

Gwaggo: Ina dangin ango? Ba su da motoci a Ɗan Isa?

Muhsina: Akwai na aro. Kowace amarya a motar aro ake kai ta, da balan-balan a jiki, ba ka gane ta wane da ta wane. Mu muna son abin da in an gani za a ce wannan na Dalhatu da Muhsina ne. An ma yi magana da mai fenti, amsarki kawai yake jira. Kore da ruwan ɗorawa, a allon baya a rubuta sunana.

Gwaggo: Sunanki a bayan kamiyo, kowane mai babur yana karantawa daga nan har Agadas.

Muhsina: Shi ne ai daɗin.

Gwaggo: Ba ki da kunya ko kaɗan. To kayan ɗakin hwa?

Muhsina: Nan ne ma dabarar take. Gado, kujeru, kwabet, tukwane, duk a baya, tafiya ɗaya. A shimfiɗa tabarmi a tsakiya, ƙawayena da 'yan guɗa su zauna. Ba mai cewa an bar shi don mota ta cika.

Gwaggo: Wannan kam gaskiya ce. A bikin Fatimatu mata huɗu suka yi hushi da ni kan wurin zama, ɗaya har yau gaisuwa sama-sama muke. Amma tsaya, in kun zo wurin 'yan duwan, kwastan ɗinmu na boda, suka ce mi aka ɗauko?

Muhsina: Dalhatu ya ce a ce musu amarya ce, buhu ɗaya, ba ta sayarwa ba.

Gwaggo: Ɗan banza. Kin sa har na ƙware. Da wane lokaci?

Muhsina: Bayan la'asar, da sauran rana, don mu tsallaka da wuri.

Gwaggo: Da rana tsaka, kowa na kallo. To abinci? Ko shi ma kun sake masa fenti?

Muhsina: Shinkafa da wake, da mai da yaji.

Gwaggo: Alo? Na ji kamar kin ce shinkahwa da wake.

Muhsina: Daidai kika ji. Abin da ya ci kwana tara ke nan. Inna ce za ta dafa da hannunta, a manyan tukwanen rumfa. Za a yi waina da miyar taushe saboda manya, kar a ce mun raina mutane.

Gwaggo: To ni zan zo da kilishi da dambun zogale, don kada mutanen Maraɗi su koma su ce an kai su tashar mota. Anko hwa?

Muhsina: Babu anko. Kowa ya sa abin da ya fi so a akwatinsa.

Gwaggo: Wannan na so shi. Ina da wani leshi da ke jiran rana tun bara. Wa zai tuƙa?

Muhsina: Dalhatu ya so ya...

Gwaggo: A'a. Nan kam a'a. Ango ba ya zuwa ɗaukar amarya da kansa kamar wanda ya zo karɓar saƙo. Shi zamna gida shi jira.

Muhsina: Na faɗa masa haka za ki ce. Abokinsa Shafi'u zai tuƙa.

Gwaggo: Yawwa. Saura ni. Da wannan gwiwar ta yaya zan hau? Ƙohwar kamiyo ta hi ni tsawo.

Muhsina: Za a kifa miki turmi ki taka, Shafi'u ya riƙe ƙofa, ni in jawo ki.

Gwaggo: Amarya ta jawo uwar biki. Duniya ta zo ƙarshe. Ki daina sa ni dariya, maƙwabta za su ce wani abu ya same ni.

Muhsina: Ke nan kin yarda?

Gwaggo: Ban ce ba tukuna. Gaban motar mutum nawa yake ci?

Muhsina: Uku ban da direba, in an matsa. Na riga na tsara. Ni, da ke, da Inna.

Gwaggo: Da wa?

Muhsina: Da Inna. Ita a tsakiya, saboda ba ta son iska.

Gwaggo: Muhsina. Kin taɓa ganin uwa ta kai ɗiyarta ɗakin miji?

Muhsina: Na sani ba a yi. Amma tunda komai namu daban ne, na ce wannan ma...

Gwaggo: Kin tambaye ta?

Muhsina: Na fara, sai ta ce in miƙo mata ludayi.

Gwaggo: To ta ba ki amsa ke nan. Ji nan, ɗiyata. Fenti naku ne, shinkahwa da wake naku ne, kamiyo ma a iya cewa naku ne. Wannan ba naku ba ne. Ko ni na ce ta zo, Salmatu ba za ta zo ba. Kunyar ɗiyar hwari ba ta barin ta, kuma ba don ba ta so ba. Za ta yi miki nasiha a ɗaki, mu kama hannunki mu hita, ita ta tsaya.

Muhsina: Ita kaɗai? Ai kowa zai bi mu.

Gwaggo: Kowa zai bi ku. Shi ya sa nake jan ƙahwa kan kamiyon nan, ba don albasa ba. Shekara nawa na yi ina hawan irinsu ina kawo aya Jibiya, na san abin da ake gani daga can sama. Katangar gidanku gajera ce. Amaryar da aka sa a ƙaramar mota, a lulluɓe, ba ta ganin komi sai ƙahwahunta. Ke kuwa kina zamne a gaban kamiyo, da rana, tsakar gidan nan tas za ki gan shi. Tabarmi a watse, tukwane a kihe, da innarki.

Muhsina: Ban yi wannan tunanin ba.

Gwaggo: Na sani. Daga gidan nan naku aka ɗauko ni ina amarya, a bayan fijo, mata biyu sun danne min mayahi. Har uwata ta rasu ban san ko ta hito tsakar gida ba ko tana ɗaki. Ban taɓa iya tambayarta ba. Wani lokaci in ce Allah ya taimake ni da ban gani ba, wani lokaci in ji haushi. Shekara talatin da shida ban yanke ba.

Muhsina: Gwaggo...

Gwaggo: Don haka ba Ummaru zai yanke ba, ba ni ba. Ke za ki gani. Kina son kamiyon har yanzu? Alo? Alo, layin ne?

Muhsina: Ba layi ba ne. Ina nan.

Gwaggo: Kuka kike?

Muhsina: Tun ina 'yar shekara tara nake hura mata wuta da asuba. Ban taɓa tunanin wa zai... Ina ta zancen fenti.

Gwaggo: Ba laihi ba ne. Murna ce, kuma halal ce. Ki ba ni amsa, katinki na tahiya.

Muhsina: Ina so, Gwaggo. Gara in gan ta. Ko ba ta ɗago ba, ni dai in gan ta.

Gwaggo: To na yarda. Ki ce wa Ummaru yayarsa ta ce a kira mai fenti. Ni zan zamna tsakiya, ke bakin taga. Ki ce wa Shafi'u shi juyo da motar yadda tagarki za ta kalli gida, kuma kada shi yi gaggawar tashi. Ni ba zan danne miki mayahi ba.

Muhsina: Na gode, Gwaggo. Allah ya... ga ta can tana kira na, waken ya nuna.

Gwaggo: Share idonki kahin ki shiga. Kuma ki ji ni da kyau, kada ki hwaɗa mata ana ganin tsakar gida daga sama. Na san Salmatu, in ta sani ɗaki za ta shige ta ja labule, ko inuwarta ba za ki...

Muhsina: Alo? Gwaggo? Alo... Na'am, Inna. Ina zuwa.