Umarnin da Kullum Yake Cewa An Gama

Wanda ba ya duba aikinsa, aikinsa ƙarya zai yi masa. Na ga wani a shagon gyaran kwamfuta yana nuna wa wata baƙuwa allonsa, yana ta dariya.

"Malama, ni na rubuta wa kwamfuta umarnin nan. Kullum aikinsa ya kwafo fayiloli daga rumbun bayanan ofis, ya ce an gama. Yau oga ya nema, babu ko ɗaya."

Ta leƙa. "Ɗan'uwa, ko an canza kalmar sirrin rumbun?"

"Ai tun bara."

"To wa ya koya masa an gama?"

"Ni mana. Ko ya kwafa ko bai kwafa ba, zai faɗa. Ladabi ke nan."

Suka tuntsire, har da tafi. Wayarsa ta yi ƙara. Oga ne, ya kore shi daga aiki.