Tsohuwar Mawaƙiyar da Na Yi Wa Aiki a Sentul

Keken ɗinkina da awarwaron da na gada wurin Inna na sayar na yi kuɗin jirgi. Ku da kuke ɗokin fita waje, ku gyara zama ku ji. Ejan ɗin da ya yi mini hanya ya ce mini aikin shago ne a Cheras, wata unguwa a Kuala Lumpur, zan riƙa sayar wa ɗalibanmu 'yan gida da ke karatu a can atamfa da yajin daddawa. Da na sauka Kuala Lumpur, ashe shagon a bakinsa kawai yake. Na yi ta zaman cin shinkafa da kwakwa a ɗakin wata 'yar Zariya, har aka ji wani Bature a unguwar Sentul yana neman mai kula da uwarsa.

Uwar ita ce Madam Rifka. Ta haura tamanin, tsawonta bai kai kafaɗata ba, amma murya kamar lasifikar tasha. A Ajantina aka haife ta, iyayenta Yahudawa ne da suka gudo daga Turai. Tun tana ƙarama take wasan kwaikwayo da waƙa da Yidish, yaren kakanninta, wanda a kunnena kamar mutum na kurkure maƙogwaro. Ta fito a marainiya, ta fito a amarya, ta fito a uwar da 'ya'ya suka yasar, gari-gari har Amurka. Daga baya masu jin yaren suka yi ta mutuwa, jikoki ba su koya ba, gidan wasan ya koma wurin sayar da katifu. Labarin katifun nan kullum da shi nake karyawa.

Ran farko ɗanta ya ja mini kunne: "Kada maƙwabta su san ko mu su wane ne. Ba ma son surutu a ƙasar nan." To, ni na kama bakina. Nata wa zai kama? Da hantsi take fita baranda ta buɗe maƙogwaro. Mai kula da benen ya hau da gudu.

"Tak boleh lah!" Wato ba a yarda ba. Su 'yan ƙasar komai sai sun liƙa masa lah, kamar mai koyon waƙa.

"Ladele," haka take ɓata sunana, Ladidi, "gaya wa mutumin nan a da biya ake yi a ji ni."

"Madam, korar mu za a yi."

"A kore mu. An kore ni daga wuraren da suka fi nan kyau."

Rannan ta tashi da sabuwar rigima: sai ta yi wasa a zauren taron benen kafin ta mutu. Mai kula ya hana. Sai ta daina cin abinci. Ɗanta yana can tsakiyar teku wurin haƙar mai, waya ba ta shiga. In ce "makan" da yaren ƙasar, in ce "ci" da namu, in lallasa, in yi faɗa, ta juya wa bango fuska. In wani abu ya same ta a hannuna, ni baƙuwa, wa zai saurare ni?

Na hau jirgin ƙasa, na bi da bas zuwa unguwar Danau Kota, gida-gida wurin matan ɗalibanmu. Na ce su zo falonmu ranar Asabar, akwai masa da miyar taushe. Ban ambaci waƙa ba sai da suka zauna.

Ta fito cikin rigar karan-miski a wannan zafin, ta sa aka kashe na'urar sanyi wai tana shaƙe murya. Jarirai na kuka, tana hararar su. Ta fara. Ba mai jin kalma ɗaya, amma falon ya yi tsit. Tana tsakiyar wata waƙa mai sanyi sai kalmomin suka ɓace mata. Ta tsaya baki buɗe. Ni da na raina ta, sai na ji kamar ni aka tsiraita.

Maman Iman, wata 'yar Gusau da ta baro 'ya'yanta a gida, ita ta ɗauki karin waƙar da hanci, a hankali. Sauran suka bi. Madam ta kama, ta kai waƙar ƙarshe. Mata na share ido da bakin mayafi.

Da suka watse na kawo mata masa, ina jiran godiya. Ta cinye tas, ta ce, "Ke kika sa na manta, kina ta ƙwaramniya da faranti. Asabar mai zuwa ki zauna wuri ɗaya."

Haka na koma mai gayyar 'yan kallo da suyar masa kowace Asabar, har aka mayar da ɗanta ƙasarsu ya tafi da ita. Ni ma na tattaro na dawo Kano, ba ni da arzikin da zan nuna muku.

Bara ɗan ya kira ni, ya ce ta rasu. Na tambaye shi ko ta tuna da ni. Ya ce har kwanakinta na ƙarshe tana faɗa wa masu jinya cewa wasanta na Sentul ya fi kowanne, da ba don Ladele ta ɓata shi ba.