Kambun Kurame

Shekara tamanin na kwashe a Nima, ban taɓa shiga aji ba, amma kunnena garau. A layin jiran motar haya ta torotoro na ji hirar wata budurwa da wani baduku.

"'Yata, wane irin agogo ne wannan, ba fuska?"

"Ba agogo ba ne, Baba. Ni na haɗa wa kurame 'yan ƙwallo. Da alƙali ya busa usur sai ya girgiza a hannu. Ƙanena ba ya ji, kullum korarsa ake yi."

"Ya yi aiki?"

"Jiya duka biyar suka lalace. Da su aka yi alwalar la'asar. Ga wasan ƙarshe Asabar."

Baduku ya jujjuya abin.

"Kawo in ɗinke cikin fata kamar kambu, a ɗaura a damtse. Alwala iyakarta gwiwar hannu."