Baƙin Wuyan da Ya Fi Ƙarfin Soso

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barkanku da aiki. Sunana Rakiya, daga Suleja.

Kullum bas nake bi zuwa aiki Abuja. Ga cunkoso, ga fargabar makara, ga faɗan oga, sai in huce haushina a kan lemon kwalba mai sanyi. Ana nan sai bayan wuyana ya yi baƙi. Na ɗauka hayaƙin motoci ne, na yi ta dirza da soso har fatar ta yi zafi.

Maƙwabciyata Mama Chidi ce ta gan ni ina shanya ba mayafi. Ta ce, "Maman Abba, wannan ba datti ba ne o. Yayata ta yi irinsa. Je ki a gwada jininki." Wallahi raina ya ɓaci, amma na je.

Likita ya ce ciwon sukari bai kama ni ba tukuna, amma ya kusa. Ya ce tsokar jiki ce ke janye sukari daga jini, to yawan zaƙi da damuwar kullum sun sa tawa ta daina jin maganar insulin, sinadarin da ke sa ta yin wannan aikin. Baƙin wuyan nan alamar hakan ce.

Yanzu ruwa nake riƙewa a mota, daga tasha kuma da ƙafa nake ƙarasawa gida. Damuwar ce kawai ta rage mini, masu sauraro ku ba ni shawara.

A gaishe mini da Mama Chidi. Na ɗaure miki fuska ranar, amma Allah ya saka miki da alheri. Soso ma ya huta.