Azahar a Kano, Magariba a Alƙahira

Mai girma shugaban taro, Malam Liman, malamanmu na Mafara, 'yan uwana 'yan karar shanu da mahauta, baƙinmu da sunka taso daga Bakura da Maradun, iyayenmu mata da ke bayan labule, assalamu alaikum.

Na gode maku da kunka bar kasuwa kunka zo walimar ɗan ƙanena, Kamaluddeen, wanda ya samu gurbin karatu a Alƙahira. Ni Ɗan Asabe shanu na sani, ban san jawabi ba, to amma yau dole ta sa. Jirgi ranar Alhamis zai tashi, yaro kuwa ya rantse ba zai taka shi ba sai kakarsa Inna, wadda ta raine shi, ta ce masa je ka. Har yanzu ba ta ce ba.

Na farko, kada kowa ya ga laifinta. Tana jaririya a goye, mahaifinta Malam Bawa ya ɗauki sanda da gora ya nufi gabas a ƙasa, ya ce damina biyu zai yi. Damina saba'in ke nan, ko kabarinsa ba mu sani ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wurin Inna, gabas ba ta maido mutum.

Na biyu, Inna, na je na tambayo. Daga Kano zuwa Alƙahira kilomita dubu uku ne da 'yan kai. Na ce da mai sayar da tikiti, “In kora shanu zan yi, wata nawa?” Ya yi dariya ya ce, “Baba, awa biyar ma ba ta cika.” Awa biyar, jama'a! Kilishin da kika shanya da hantsi bai gama bushewa ba, angon naki ya sauka. Ya yi azahar a Kano, ya yi magariba a Alƙahira.

Tun ranar nake kwana ina tashi da wannan tafiya. Ina ganin yaron nan zaune bakin taga, girgije a ƙarƙashinsa kamar audugar da anka baza a tabarma. Ina ganin rairayin da ya cinye takalman mutanen da, yana wucewa ƙasansa kafin shayi ya huce. Wallahi sha'awa nake, kuma ƙwalla nake.

Na uku, nisa ya sake gida. Ga Dosara nan kusa, inda anka yanke mana cibi, shekara huɗu ba mu taka ta ba saboda ɓarayin daji. Wace ce nesa, Inna, Dosara ko Alƙahira?

Ku yi mani haƙuri, ga ƙanwata Taiba ta fito daga wajen mata da saƙo.

Jama'a, Inna ta ce: “In ya kai saman hanyar gabas, ya duba ƙasa ta tagar nan, ya yi wa babana addu'a. Ya faɗa masa 'yar da ya bari a goye ta tsufa.”

Kamaluddeen, ka ji. Je ka.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya maido ka da ilmi mai amfani. Allah Ya jiƙan Malam Bawa duk inda yake kwance. Allah Ya buɗe mana hanyar Dosara, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.