Ranar da Aka Koro Mu Daga Gaya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, gaisuwa daga Rikoto, Zuru.

Zamanin Turawa, ina ango, na bar wa ƙanena gonata, na ɗauki matata za mu koma Gaya ta ƙetaren iyaka, da ke hannun Faransawa. A bakin iyaka soja ya ce, "Ina takardar izinin zama?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ai duk Hausa muke ji." Ya watsar da kayanmu, ya ce mu juya. Gaban amaryata na durƙusa ina roƙo, ko kallona bai yi ba.

Muka dawo, na koma ƙodago a gonar da na kyautar. Yanzu jikana na shirin fita waje babu takarda, kunya kuma ta hana ni ba shi labarin nan. Masu sauraro, ta ina zan fara?